Labarin Motar Da Ba Ta Hayaƙi, Da Dokokin Da Jihar Kalifoniya Ta Yi A Kanta

Yau za mu kai ku wata jiha mai nisa a yammacin ƙasar Amurka, a bakin babban tekun Fasifik, sunanta Kalifoniya. Mutanenta sun kai miliyan 39, babban birninta na mulki Sakaramento, birninta mafi girma kuwa Los Anjalis. Dalilin zuwanmu can shi ne, babu wata jiha a Amurka da ta daɗe tana kokawa da hayaƙin mota kamarta, har ta kai ga yin doka cewa sabuwar mota mai shan fetur zalla tana da ranar da za a daina sayar da ita.

Kowa ya san cewa madugu na kirki, kafin ya tashi ayari, ba yawan jakuna kaɗai ya ke ƙidayawa ba. Sai ya tambaya ina zango, ina rijiya, kwana nawa tsakanin wannan ruwa da wancan. To, motar lantarki ma tana da rijiyarta, watau wurin da a ke cika batirinta da wuta, wanda a ke kira wurin caji. Labarinmu na yau labari ne na hukumar da ta fara da umartar masu ƙera mota, sa'an nan daga baya ta gane cewa aikin haƙa rijiyoyin ya fi ba da umarni wuya.

ASALIN MAGANA

Ran 26 ga watan Yuli na 1943, ana tsakiyar yaƙin Hitila, mutanen Los Anjalis suka wayi gari cikin wani irin hazo. Ba irin hazon hunturu ba ne mai ƙura, wannan yana da yaji, yana sa ido hawaye, maƙogwaro ya yi ta ƙaiƙayi. Mutum ba ya iya hango ginin da ke ɗan nesa da shi. Wasu suka tsorata, suna tsammani Japanawa ne suka kawo hari da iska mai guba. Hukuma ta ɗora laifin a kan wata ma'aikata da ke yin sinadarin roba, aka rufe ta na ɗan lokaci. Hazo bai fasa dawowa ba.

Ruwa ba ya tsami banza. Birnin yana zaune ne cikin kwari, duwatsu sun kewaye shi ta gabas da arewa, iska mai ɗumi kuma ta kan kwanta a samansa kamar faifai a bakin tukunya. Duk hayaƙin da ya tashi sai ya rasa mafita. Amma daga ina hayaƙin ya ke? Wanda ya warware wannan shi ne wani masanin sinadarai haifaffen ƙasar Holan, Arie Haagen-Smit, wanda ke koyarwa a babbar makarantar fasaha ta Pasadena. Abin mamaki, aikinsa na da shi ne binciken ƙamshin 'ya'yan itace, har da abarba. A farkon shekarun 1950 ya nuna cewa tururin fetur da hayaƙin da ke fitowa daga salansar mota, in rana ta buge su, sai su rikiɗa su zama wannan hazo mai yaji. Masu mai da masu mota suka yi ta musu, amma da wasu masana suka maimaita gwajin sai suka iske gaskiya ya faɗa.

YADDA JIHA ƊAYA TA SAMI IKON YIN TATA DOKAR

A 1966 Kalifoniya ta zama ta farko a Amurka da ta yanka wa sababbin motoci iyakar hayaƙin da za su fitar. A 1967 Gwamna Ronald Reagan, wanda daga baya ya zama shugaban ƙasa, ya sa hannu a dokar da ta kafa Hukumar Kula da Iska ta jihar, aka naɗa Haagen-Smit shugabanta na farko.

A nan akwai abin da ya kamata mai karatu ya riƙe, domin shi ne ƙashin bayan labarin duka. Majalisar tarayya da ke Washinton ta hana jihohi su riƙa yin dokar hayaƙin mota kowa da tasa, don kada masu ƙera mota su rasa wadda za su bi cikin hamsin. Amma ta keɓe Kalifoniya, saboda ita ta riga kowa farawa, kuma ciwonta ya fi na kowa. Aka ce tana iya yin doka mai tsanani fiye da ta tarayya, muddin ta nemi izini na musamman daga gwamnatin tarayya. A 1977 aka ƙara cewa duk jihar da ta ga dama tana iya ɗaukar dokar Kalifoniya ta yi aiki da ita, amma ba ta da ikon ƙirƙiro ta uku. Watau dai ikon jihar ba nata ba ne na gado, aro ne. Kayan aro kuwa, in ji masu iya magana, ba ya rufe katara.

DOKAR 1990 DA ABIN DA YA SAME TA

Shekaru suka wuce ana ta tace hayaƙi, kowace mota ɗaya tana ƙara tsabta, amma yawan motoci yana cinye ribar. A 1990 hukumar ta yanke shawarar da ba a taɓa jin irinta ba. Ta ce wa manyan kamfanoni bakwai, daga 1998, cikin kowace mota 100 da za su sayar a jihar, 2 su zama marasa hayaƙi sam. A 2001 su zama 5, a 2003 su zama 10.

Kamfanin General Motors ya fito da wata ƙaramar mota mai kujera biyu, sunanta EV1, a ƙarshen 1996. Ba a sayar da ita, haya kawai a ke bayarwa. Guda 1,117 aka ƙera duka duka. Batirin farko na dalma ne, mai nauyi, ba ya kai mutum mil 100 sai ya nemi wuta, wuraren caji kuwa a lokacin ana iya ƙidaya su da yatsu a gari guda. Tun a 1996 hukumar ta janye wa'adin 1998, ta bar na 2003. Da 2003 ɗin ta matso, kamfanoni suka kai ƙara kotu, aka sassauta dokar ƙwarai. General Motors ya karɓe motocinsa daga hannun masu haya, waɗanda wasunsu suka roƙa a sayar musu aka ƙi, ya niƙe mafi yawansu, ya ba gidajen tarihi da makarantu 'yan kaɗan bayan an kashe injinsu.

Duk da haka dokar ba ta mutu ba, ta bar wata dabara a baya. Kowace mota marar hayaƙi da kamfani ya sayar, sai a rubuta masa maki. Wanda makinsa ya yi rara yana iya sayar wa wanda nasa ya gaza. Ta wannan hanya kamfanin Tesla, wanda ba ya ƙera mota mai fetur ko ɗaya, ya riƙa samun kuɗi daga hannun abokan hamayyarsa a shekarun da bai tsaya da ƙafarsa ba. Motarsa ta farko ta fito a 2008, ta kamfanin Nissan mai suna Leaf ta biyo baya a ƙarshen 2010. Sa'an nan batirin sinadarin litiyam, irin na wayar hannu, ya yi ta araha, har kuɗinsa ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100 tsakanin 2010 da 2020.

DOKAR 2022

Da aka ga haka, a watan Satumba na 2020, lokacin da gobarar daji ta turnuƙe sararin jihar, Gwamna Gavin Newsom ya ba da umarni cewa zuwa 2035 duk sabuwar ƙaramar mota da za a sayar ta zama marar hayaƙi. A watan Agusta na 2022 Hukumar Kula da Iska ta mai da umarnin ƙa'ida mai matakai: kashi 35 cikin 100 a ƙirar 2026, kashi 68 a 2030, kashi 100 a 2035.

An yi ta baza jita-jita a kan wannan ƙa'ida, saboda haka bari mu faɗi abin da ta ƙunsa. Ba ta ce a ƙwace motar kowa ba, ba ta kuma hana saye da sayar da tsohuwar mota mai fetur ba. Nauyin yana kan kamfanin da ya ƙera, ba kan direba ba. Ta kuma yarda kashi ɗaya cikin biyar na adadin ya zama irin motar nan mai batir da injin fetur duka, in dai za ta iya tafiyar mil 50 da batir kaɗai. Har wa yau ta tilasta wa kamfani ya lamunci batir na shekara 8 ko mil 100,000, don kada wanda ya sayi ta hannu ya sayi wahala. Jihohi 11 suka ɗauki wannan ƙa'ida, cikinsu har da Niyok da Washinton da Oregon da Kolorado da Bamont.

INA ZA A SHAYAR DA ITA?

Yanzu mu zo kan rijiya. Caji iri uku ne. Na farko shi ne soket ɗin bango na gida, wanda a Amurka ƙarfinsa bolt 120 ne. A sa'a guda ba ya ba mota abin da ya wuce tafiyar mil 4 ko 5. Na biyu na bolt 240, yana ba da kamar mil 25 a sa'a, ya isa ya cika mota daga dare zuwa asuba. Na uku shi ne mai sauri, wanda a ke kafawa a bakin manyan hanyoyi. Cikin kamar rabin sa'a ya kan kai batir kashi 80 cikin 100, amma kafa shi yana cin kuɗi mai yawa, wutarsa kuma ta fi tsada.

Mafi yawan caji a Amurka, kamar kashi 8 cikin 10, a gida a ke yinsa. Mai gidan kansa da gareji, shi dai ya dawo da yamma ya soka fulogi ya shiga ɗaki, da safe ya iske mota a cike. Amma fiye da gida 4 cikin 10 a Kalifoniya 'yan haya ne, da yawansu a benaye masu ɗakuna barkatai, motarsu tana kwana a fili ko a bakin titi. Su ne kuma sau da yawa ke zaune kusa da manyan hanyoyi da tashar jiragen ruwa, inda hayaƙi ya fi kauri, inda asma ta fi kama yara. Ka ga wanda ya fi shan hayaƙin shi ne wanda motar ta fi yi wa wuyar riƙewa. Saboda wannan Majalisar Dokokin jihar ta yi ta fito da ƙananan dokoki ɗaya bayan ɗaya, waɗanda ba a cika jin labarinsu a rediyo ba.

Akwai dokar ɗan haya, ta 2014, wadda ta fara aiki a tsakiyar 2015. Ta ce in ɗan haya ya rubuta wa mai gida yana son kafa na'urar caji a wurin ajiye motarsa, mai gida ba shi da ikon ƙi. Sai dai ɗan hayan ne zai biya kuɗin kafawa da na wuta da na gyara, kuma dokar ba ta hau kan gidan da wurin ajiye motarsa bai kai biyar ba. Hakki ne na gaske, amma mai ƙaramin albashi wanda bai san ko baɗi yana gidan ba, da wuya ya zuba kuɗinsa a bangon wani.

Akwai ƙa'idar gini. Tun 2015 duk wanda zai gina sabon gida sai ya bar hanyar waya da gurbi a akwatin wuta domin caji, ko da bai mallaki motar ba tukuna. Hikimar a fili ta ke: sa bututu kafin a zuba kankare ya fi fasa kankare arha nesa ba kusa ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai dokar takardar izini. A can ma, kamar ko'ina, takarda ta kan kwana a ofis. Jihar tana da garuruwa fiye da 480 da gundumomi 58, kowa da nasa tsarin, har mai son kafa tashar caji ya kan shafe watanni yana jiran sa hannu. A 2015 aka umarci hukumomin gari su sauƙaƙa hanya, kada su ƙi sai in akwai haɗari ga lafiya ko rai. Da yawa suka yi kunnen ƙashi. A 2021 majalisa ta sake doka mai haƙora: in na'urorin ba su wuce 25 ba, hukumar gari tana da kwana 5 na aiki ta ce takardu sun cika ko ba su cika ba, sa'an nan kwana 20 ta yanke hukunci. In ta yi shiru har wa'adi ya wuce, shirun nan ya zama yarda.

Akwai dokar buɗe ƙofa, ta 2013. Da can kowane kamfanin caji yana da katinsa, wanda ba shi da rajista da su sai ya tsaya yana kallon na'ura batirinsa na mutuwa. Dokar ta hana a tilasta wa mutum zama ɗan ƙungiya kafin ya sayi wuta, ta kuma ce a bayyana farashi kafin a fara.

Akwai kuma maganar mudu. Wasu kamfanoni suna sayar da caji da minti, alhali wata mota tana shan wuta da sauri, wata a hankali, sai mai tsohuwar mota ya biya da yawa ya sami kaɗan. Ofishin awo na jihar, wanda shi ke duba famfon gidan mai da sikelin mahauta, ya ce sababbin na'urori su riƙa auna wutar kanta, watau da kilowat na sa'a. Ƙa'idar ta hau kan masu matsakaicin ƙarfi daga 2021, masu sauri daga 2023.

RIJIYA TA BA DA RUWA, KO GUGA YA DAWO WAYAM?

Kafa na'ura daban, ta yi aiki daban. A 2022 wasu masu bincike na Jami'ar Kalifoniya da ke Bakali suka ɗauki motoci suka zaga tashoshi 181 a yankin San Faransisko, suka gwada bakin caji mai sauri 657 ɗaya bayan ɗaya. Kashi 72.5 cikin 100 kaɗai suka yi aiki. Wasu allonsu ya mutu, wasu sun ƙi karɓar kuɗi, wasu wayarsu ba ta kai ga mota. Kamfanonin kuwa suna cewa kashi 95 zuwa 98 na na'urorinsu lafiya lau. Gani ya kori ji. A shekarar nan majalisar jihar ta yi doka cewa duk na'urar da aka kafa da kuɗin jama'a, sai a riƙa rubuta sa'o'in da ta yi aiki da waɗanda ta yi a mace, a kai wa hukuma. Gwamnatin tarayya ma, cikin sharuɗɗan dala biliyan 5 da ta ware a 2021 don tashoshin manyan hanyoyi, ta ce kowace na'ura ta yi aiki kashi 97 cikin 100 na lokaci.

Ga lissafin yawa. A 2018 Gwamna Jerry Brown ya sa burin na'ura 250,000 zuwa 2025. A watan Maris na 2025 Hukumar Makamashi ta jihar ta ce an kai 178,549, watau sun fi bakin famfon fetur yawa, waɗanda ke wajen 120,000. A watan Satumba lissafin ya haura 200,000. Amma kada wannan ya ruɗi mai karatu. Cikin adadin Maris, masu sauri kamar 17,000 ne kawai, kuma famfon fetur yana sallamar mota cikin minti biyar. Hukumar da kanta ta ƙiyasta cewa za a bukaci kamar miliyan ɗaya zuwa 2030, fiye da miliyan biyu zuwa 2035.

Wanda ke son ya ga abin da rashin rijiya ke yi, ya dubi motar iskar haidurojin. Ita ma ba ta hayaƙi, ruwa kawai ke ɗiga daga salansarta, kuma ana cika ta cikin mintoci kaɗan. A 2013 jihar ta ware dala miliyan 20 kowace shekara don a gina mata tasha 100. Bayan shekara goma ba a kai ba, a watan Fabrairu na 2024 kuma kamfanin Shell ya rufe tashoshinsa na ƙananan motoci a jihar. Mutanen da suka sayi irin motar nan suka wayi gari da mota lafiyayya wadda darajarta ta zube, domin wurin shayar da ita ya yi nisa.

Ita kanta wutar tana da nata ƙalubale. Kwanaki kaɗan bayan an zartar da ƙa'idar 2022, zafi mai tsanani ya sauka a jihar, masu raba wuta suka roƙi jama'a kada su yi cajin mota tsakanin ƙarfe 4 na yamma da 9 na dare. Masu adawa suka samu abin dariya. Gaskiyar magana ita ce, wutar rana tana yin yawa a jihar da tsakar rana, ta ɓace da magariba daidai lokacin da kowa ya dawo gida. Saboda haka kamfanonin wuta suna rage farashi da tsakar dare, hukuma kuma tana ƙarfafa caji a wurin aiki da rana. Akwai kuma maganar gyaran hanya, wanda harajin fetur ke biya. Mai motar lantarki yana taka hanya ba ya sayen fetur, don haka dokar 2017 ta ɗora masa dala 100 a shekara, aka fara karɓa a 2020.

RANAR DA MAI KAYA YA KARƁI KAYANSA

A 2023 da 2024, kamar mota ɗaya cikin kowace huɗu sababbi da aka sayar a Kalifoniya tana cikin irin da ƙa'idar ke nema. Ci gaba ne babba, amma daga 25 zuwa 35 akwai tazara, a sauran jihohin kuwa tazarar ta fi haka. Masu ƙera mota da dillalai suka ce ba za a iya ba, motocin suna da tsada, kuma bai kamata jiha ɗaya ta zaɓa wa ƙasa duka abin hawa ba. Ba maganar banza ba ce duka. A watan Mayu na 2025 Gwamna Phil Scott na Bamont ya dakatar da aiki da ƙa'idar a jiharsa, babban dalilin da ya bayar shi ne wuraren caji ba su isa ba.

Izinin nan na aro kuwa ya daɗe yana yawo tsakanin hannuwa. Gwamnatin Donald Trump ta janye wani sashensa a 2019, ta Joe Biden ta maido shi a 2022, ta kuma ba da izinin sabuwar ƙa'idar a watan Disamba na 2024. Da Trump ya dawo, sai majalisar tarayya ta bi wata hanya da ba a taɓa bi ba a kan irin wannan izini. Majalisar Wakilai ta kaɗa ƙuri'ar soke shi, 246 da 164, har da 'yan jam'iyyar Dimokurat 35 cikin masu goyon sokewa. Ran 22 ga Mayu na 2025 Majalisar Dattawa ta bi sahu, 51 da 44, ko da ya ke ofishin binciken gwamnati da mai ba majalisar shawara kan ƙa'idojinta sun ce wannan hanya ba ta dace da izinin ba. Ran 12 ga Yuni shugaban ya sa hannu. A ranar nan Kalifoniya da wasu jihohi 10 suka shigar da ƙara a kotun tarayya. A ƙarshen Satumba na shekarar kuma rangwamen haraji na dala 7,500 da tarayya ke ba mai sayen sabuwar motar lantarki ya ƙare.

ABIN DA YA RAGE A HANNU

To, jama'a, ku dubi abin da sa hannun Yuni ya taɓa da abin da bai taɓa ba. Ya taɓa babbar doka mai amo, wadda ke faɗa wa kamfani mota nawa zai sayar, domin ita ce ke tsaye a kan izinin aro. Bai taɓa hakkin ɗan haya ba, bai taɓa ƙa'idar gini ba, bai taɓa wa'adin kwana 20 ba, bai taɓa mudun wuta ba. Waɗannan al'amuran gida ne, haya da gini da awo da farashin lantarki, jiha ba ta neman izinin Washinton a kansu. Na'ura 200,000 da aka riga aka dasa kuma ba a soke su da ƙuri'a.

Sau biyu ke nan, a 2003 da 2025, dokar umarni tana tuntuɓe, kuma a duka biyun ɗaya daga cikin hujjojin masu adawa shi ne babu isasshen wurin caji. In babu tilas a kan kamfani, abin da zai sa ma'aikaciyar asibiti mai zama a bene na uku ta sayi motar lantarki shi ne ta tabbata akwai inda za ta soka fulogi kusa da ƙofarta, na'urar tana aiki, farashin bai fi na fetur ba. Ranar da wannan ya samu, ba ta bukatar doka ta tura ta. Ranar da bai samu ba, ko an maido da dokar 2035 gobe, mai gareji ne zai ci moriyarta, yaran bakin babbar hanya su ci gaba da tari.

Maganar ba ta tsaya can kaɗai ba, gama da yawa daga cikin motocin hannu da a ke saukewa a Ikko da Kwatano daga Amurka su ke fitowa, abin da aka saya sabo can yau shi ke isowa kasuwannin nan bayan wasu shekaru. Duk hukumar da ke shirin yin doka a kan wannan mota, ta fara da tambayar madugu: ina zango, ina rijiya, wa zai gyara guga in ya tsinke.